Usur da Begila: Tarihin Ƙwallo a Makarantar Soja, Daga Zariya Zuwa Kudancin Kaduna

Wanda duk ya ƙetare gadar kogin Kaduna ya kama titin Kachia zuwa Sabon Tasha, zai ji yaran mota suna kiran "Command". Mahaɗa ce da ta samo sunanta daga makarantar sakandaren sojoji da ke wurin. Yawancin masu sauka a nan ba abin da ya haɗa su da makarantar sai sunan. A bayan katangarta kuwa akwai filin ƙwallo, kamar yadda yake a kowace makarantar soja a ƙasar nan, kuma wannan fili yana da tarihin da ya girmi katangar nesa ba kusa ba.

Tambayar da wannan rubutu ya ɗauko ita ce: me ya kai wasa cikin gidan da aka gina domin horo da biyayya? Sa'annan me ya sa birnin da ya fi kowane birni a Nijeriya tara cibiyoyin soja ya fito da taurarin ƙwallonsa ta wata hanya daban, hanyar masaƙu da filayen unguwa? Amsar tana da amfani a yau, domin masaƙun sun mutu, filayen unguwa suna ƙarewa, kogin da ya ratsa birnin kuma ya zama iyaka tsakanin mazaunansa.

Tagwayen 1863

A shekarar 1863 abubuwa biyu suka faru a wurare biyu masu nisa da juna. A Landan, ranar 26 ga Oktoba, wakilan wasu kulob-kulob suka zauna suka kafa hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila, wadda ta rubuta dokokin da wasan ya tashi a kansu. A Legas kuma wani hafsan sojan ruwa, John Glover, ya tara wata 'yar ƙaramar runduna ta Hausawa, wadda sojan Nijeriya ke lissafawa a matsayin tushensa. Ƙwallon zamani da sojan Nijeriya sa'o'in juna ne, kuma hannu ɗaya ne ya raine su.

Tun farkon wasan a Ingila sojoji suna ciki tsundum. Ƙungiyar injiniyoyin soja, Royal Engineers, ita ce ta buga wasan ƙarshe na farko na Kofin FA a 1872, Wanderers ta ci ta ɗaya da nema. A wannan wasa wani laftanar mai suna Edmund Creswell ya karye a ƙashin kafaɗa tun da wuri, ya ƙi fita fili har aka tashi. Injiniyoyin sun ɗauki kofin a 1875. Abin da aka fi tuna su da shi shi ne salon wasansu: a zamanin da kowane ɗan wasa yake rungumar ƙwallo ya kutsa shi kaɗai har a ƙwace, su sun riƙa miƙa wa juna, kowa yana tsare gurbinsa. Mutanen da aka horar su gina gada tare, ba abin mamaki ba ne su buga ƙwallo tare.

Manyan makarantun kwana na Ingila, inda akasarin hafsoshi da jami'an mulkin mallaka suka fito, sun yi imani cewa fili yana gyara hali fiye da aji. A ganinsu yaron da ya saba bin umarnin kyaftin, ya jure gajiya, ya karɓi hukuncin alƙali ba tare da gardama ba, shi ne zai iya riƙe runduna ko lardi. Da wannan aƙida suka zo mana. Wasan farko da tarihi ya adana a Nijeriya an yi shi ne ranar 15 ga Yuni 1904 a Kalaba, tsakanin makarantar Hope Waddell da ma'aikatan jirgin ruwan yaƙi HMS Thistle, 'yan makaranta suka yi nasara da ci uku da biyu. Mai karatu ya lura da waɗanda suka kara: 'yan makaranta a gefe guda, mayaƙa a ɗaya gefen.

A Arewa, Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921 ta ba wasanni muhimmanci irin na makarantun Ingila, ko da yake kurket da fives suka fi tashe a can. Sardauna Ahmadu Bello bai rabu da fives ba har ƙarshen rayuwarsa. Ƙwallon ƙafa shi ya fi bin layin dogo da bariki da sabon gari, domin ba ya bukatar sanda ko bango ko doki, sai fili da abin bugawa. Kaduna kuwa ta haɗa duka ukun. Sojoji sun riga kowa tarewa a cikinta kafin a ɗauko hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917, babbar tashar jirgin ƙasa tana kudancin kogi, inda layin Fatakwal ya rabu da na Legas, baƙi kuma suna ta sauka daga kowace kusurwa.

Yara talatin a Zariya

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda dubban 'yan Nijeriya suka gwabza a Burma, Turawa suka gane cewa sojan zamani ba zai yiwu da ƙarfin ƙirji kawai ba. Ana bukatar masu iya karatu, masu sarrafa rediyo da mota da taswira. Shekaru da dama da Hausa ake ba kurtu umarni, yanzu Turanci ya karɓi wurin. Saboda haka aka yanke shawarar kama icce tun yana ɗanye.

Ranar 20 ga Mayu 1954 aka buɗe rundunar yara a Zariya da yara talatin, ƙarƙashin Kyaftin Wellington Bassey, ɗaya daga cikin 'yan Nijeriya na farko da suka zama hafsoshi. An dasa ta ne kusa da sansanin horar da kurata, a barikin da ke ɗauke da sunan Chindit, tunawa da dakarun da suka yi yaƙin sunƙuru a dazukan Burma. A 1960 aka sauya mata suna ta koma Makarantar Soja ta Nijeriya, wadda kowa ya sani da NMS. Faransawa ma suna da irinta a ƙasashen da suka mallaka, ta Saint-Louis a Senegal ta faro tun 1923, yau kuma akwai ɗaya a Yamai.

Burin farko shi ne samar da ƙananan jagorori da masu sana'ar hannu, kofur da saje masu ilimi. Da tafiya ta yi nisa sai makarantar ta zama matakalar zama hafsa. Daga cikinta Joseph Garba ya fito, wanda ya sanar da hamɓarar da Gowon a 1975 kuma ya zama ministan harkokin waje. Daga cikinta Tunde Idiagbon ya fito, da Jeremiah Useni, da David Mark, da Buba Marwa. Tsofaffin ɗalibanta har yau "ex-boy" suke kiran junansu, ko da furfura ta cika kai.

An raba yaran gida huɗu. Da fari sunayen hafsoshin Turawa aka sa wa gidajen, daga baya aka mayar da su Legas, Ibadan, Enugu da Kaduna, wato manyan biranen mulki na ƙasar a lokacin. A nan hikimar take. Ba a kai yaro gidan Enugu don shi Ibo ne, ba a kai shi gidan Kaduna don shi ɗan Arewa ne. Yaron Katsina yana iya tsintar kansa yana kare tutar Ibadan, ɗan Ijebu yana tsaron ragar Kaduna. A ƙasar da siyasarta ta rabu kashi uku bisa yanki, har aka tsara ɗaukar soja bisa kaso, rabi ga Arewa, rubu'i ga Gabas, rubu'i ga Yamma, wannan ƙaramin tsari na gasar gida-gida darasi ne da ake koyarwa ba tare da allo ba.

Abin da fili ke yi wanda fareti ba ya yi

Ranar yaron makarantar soja a yanke take daga begilar asuba zuwa kashe fitila. Akwai gudu, akwai duba tsafta, akwai aji, akwai fareti, da la'asar kuma akwai wasanni, waɗanda ba zaɓi ba ne. Sojan ya riƙe ƙwallo cikin wannan jadawali ne saboda dalilai uku.

Na farko lafiyar jiki. Ɗan wasa yana cin kilomitoci a guje ba tare da an tsaya a kansa da tsawa ba, kuma ƙwallo guda ya ishi yara ashirin da biyu. Babu atisayen da ya kai wannan araha.

Na biyu shi ne abin da fareti ba zai iya bayarwa ba. A fareti mutum ɗaya ke tunani, sauran su aiwatar: hagu, dama, tsaya. Amma fagen daga ba ya tafiya bisa layi, kuma ƙaramin jagora yakan sami kansa inda babu wanda zai tambaya. A fili yaro yana da daƙiƙa ɗaya ya duba, ya zaɓa, ya miƙa, kuma sakamakon zaɓinsa yana bayyana nan take a gaban kowa. Malamin da ke neman sanin wane ne zai iya jagoranci, wane ne ke ɗora laifi a kan wani, wane ne ke karaya idan an ci su biyu, zai gane a wasa ɗaya abin da ba zai gane a zango guda na aji ba.

Na uku ya shafi matsayi. Rayuwar irin wannan makaranta a kan babba da ƙarami aka gina ta, wanda ya riga ka shiga da shekara ɗaya yana da iko a kanka. Fili ne kaɗai wurin da ɗan aji biyu zai ƙwace ƙwallo a ƙafar ɗan aji biyar, ya yanke shi ya wuce, a tafa masa. Da an busa usur na tashi kowa ya koma matsayinsa. Tukunyar da ake ta hura wa wuta tana bukatar ƙofar da tururi zai fita, waɗanda suka tsara jadawalin kuma sun san haka.

Sai dai kada a ɗora wa ƙwallo kayan da ba zai iya ɗauka ba. A shekarar da aka buɗe makarantar Zariya, 1954, wani matashi mai suna Emmanuel Ifeajuna ya ci lambar zinare a tsallen sama a gasar ƙasashen renon Ingila a Vancouver, ƙasa duka ta yi alfahari da shi. Bayan shekara 12, yana manjo, ya kasance cikin jagororin juyin mulkin Janairun 1966, a 1967 kuma aka harbe shi a Enugu. Hafsoshin da suka ci abinci a teburi ɗaya, suka yi wasa a fili ɗaya, sun ɗaga wa juna bindiga wata talatin. Wasa yana saba wa mutane da juna, amma ba ya warware rikicin mulki.

Bayan yaƙi

Yaƙin basasa ya kumbura rundunar soja daga kimanin mutum 10,000 zuwa kusan 250,000. Waɗannan mutane suna da iyali, ana kuma yi musu sauyin wurin aiki daga wannan gari zuwa wancan, karatun 'ya'yansu yana ta yankewa. NMS guda ɗaya, ta maza zalla, mai horar da yaran da za su sa kaki, ba za ta ɗauki wannan nauyi ba. Wannan ne ya haifar da makarantun Command a ƙarshen shekarun 1970, ta Kaduna tana cikin na farko. Rundunar soja ke gudanar da su, hafsa ke shugabantarsu, suna karɓar 'ya'yan sojoji da na farar hula, ba kuma lalle ne ɗalibi ya zama soja ba. Sun gaji tsarin gidaje da gasar gida-gida da wasannin la'asar. Sojan sama shi ma ya buɗe tasa makarantar yara a Jos a 1980.

A wannan zamani ne gwamnatin soja ta ɗauki wasanni a matsayin allurar ɗinke ƙasa. A 1973 gwamnatin Gowon ta ƙirƙiro Bikin Wasanni na Ƙasa, karo na uku kuma aka yi shi a Kaduna a 1977. A wannan shekarar wani abu ya faru da ya kamata 'yan Kaduna su riƙa tunawa. Rangers ta Enugu, wadda aka kafa a 1970 daga tokar yaƙi, ta haɗu da Shooting Stars ta Ibadan a wasan kusa da na ƙarshe na kofin zakarun kofuna na Afirka. Karawar farko a Legas ta ɗauki zafin da ya wuce na ƙwallo, ta soma kama da Ibo da Yarabawa. Sai hukumomi suka mayar da karawa ta biyu filin wasa na Ahmadu Bello a Kaduna. Rangers ta yi nasara a bugun daga kai sai mai tsaron gida, ta je ta ɗauki kofin. A 1977, idan 'yan Nijeriya suka rasa inda za su kara lafiya, Kaduna ake kawo su.

Kaki ya daɗe a kujerar shugabancin ƙwallo. Anthony Ikazoboh, Emeka Omeruah, Abdulmumini Aminu da Dominic Oneya duk hafsoshi ne da suka riƙe hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa. Lokacin da yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 16 suka ci kofin duniya a Sin a watan Agustan 1985, bayan sun doke Jamus ta Yamma biyu da nema, mutum na biyu a gwamnati Idiagbon ne. Lokacin da El-Kanemi Warriors ta ɗauki Kofin Ƙalubale a 1991, gwamnan sojan Borno Buba Marwa ne. Yaran Zariya sun fi bayyana a rumfar manyan baƙi, suna miƙa kofi, fiye da cikin fili suna karɓarsa.

Dalilin haka ba boyayye ba ne. A ƙasashen da ake tilasta wa matasa aikin soja, rundunar takan tsince gwanayen 'yan wasa ta sa musu kaki. Haka Honved ta Hangare ta mallaki Ferenc Puskas, haka Steaua ta Romaniya ta ci kofin Turai a 1986. A Afirka ƙungiyar sojan Maroko, FAR ta Rabat, ta ci kofin zakarun nahiyar a 1985, ta sojan Nijar kuma, AS FAN, ta kai matakin rukuni a kofin Confederation a 2010. Nijeriya ba ta da dokar shiga soja dole, don haka rundunarta ba ta da wannan ƙugiya. Ban da haka, shekarun da ake ƙera ɗan ƙwallo, daga 15 zuwa 19, su ne shekarun da yaron makarantar soja ke fuskantar jarrabawar fita da ta shiga NDA. Hanya biyu ce, ƙafa ɗaya ba ta bin su tare, kuma uban da ya kai ɗansa Zariya ba don ya ga ya koma buga tamaula ya kai shi ba.

Jiniyar Kakuri

Taurarin sun fito ne daga ƙetaren kogi. A 1957 masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri. Nortex da UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya a shekarun 1960, Peugeot ta fara harhaɗa motoci a 1975, matatar mai ta buɗe a 1980. Dubban ma'aikata suka cika Kakuri, Makera, Nasarawa, Barnawa da Television: Hausawa, Bajju, Atyap, Gbagyi, Tibi, Idoma, Igala, Yarabawa, Ibo. Jiniya ce ke tsara musu rana, kamar yadda begila ke tsara ta bariki. Kamfanoni kuma, a Kaduna da sauran ƙasa, suna riƙe da ƙungiyoyin ƙwallo. Yaro mai baiwa yakan sami gurbin aiki da albashi, babban aikinsa kuwa shi ne saka rigar kamfani ranar Asabar.

Ta wannan ƙofa Rashidi Yekini ya shigo. An haife shi a Kaduna a 1963, ya fara da ƙungiyar masaƙar UNTL a farkon shekarun 1980 kafin Shooting Stars ta ɗauke shi. Ya zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka a 1993, ranar 21 ga Yuni 1994 kuma ya ci wa Nijeriya ƙwallonta na farko a gasar cin kofin duniya, a ragar Bulgeriya. Ya ci wa ƙasa ƙwallo 37.

A Kakuri ɗin dai soja da masana'anta suka haɗu a riga ɗaya. A 1964 aka kafa kamfanin ƙera makamai na ƙasa, wanda wani kamfanin Jamus, Fritz Werner, ya gina masa masana'anta. Ƙungiyar ƙwallonsa, DIC Bees, ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale a 1983, Rangers ta fi ta a bugun fenariti. Daga baya ta koma hannun Alhaji Mukhtar Aruwa da sunan Ranchers Bees. Ta kai wasan ƙarshe na kofin zakarun kofuna na Afirka a 1988, inda Bizerte ta Tunisiya ta yi galaba, ta kuma ɗauki kofin Afirka ta Yamma a 1989. A cikinta Clemens Westerhof ya ga wani yaro mai ƙirar bijimi, Daniel Amokachi, wanda ya tafi Club Brugge ta Beljiyam a 1990 bai cika shekara 18 ba. Sa'o'insa na makarantar soja a lokacin suna haddar darasin jarrabawa.

Ranar 3 ga Agusta 1996 Nijeriya ta doke Ajantina uku da biyu ta ɗauki zinaren Olamfik a Amurka. Biyu daga cikin ƙwallaye ukun haifaffun Kaduna ne suka ci, Celestine Babayaro da Amokachi. A tawagar akwai Tijjani Babangida, Garba Lawal da Emmanuel Babayaro, su ma 'yan Kaduna. Mutum biyar daga birni ɗaya, Musulmi da Kirista, kuma babu wanda ya tsaya ƙirga wannan a daren da gari ya fito titi yana murna.

Da bango ya tsage

Abin da ya riƙe wannan tsari kuɗin kamfani ne, kuma sun fara ƙafewa tun bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986. Faɗuwar naira ta sa kayan gyara sun yi tsada, wutar lantarki ta zama sai an ga dama, atamfar fasa-ƙwauri ta mamaye kasuwa. Kamfanin da ke fama da biyan albashi, ƙungiyar ƙwallo ce farkon abin da yake saki. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a 2007. Ƙwallon cikin gida ya koma jingina da gwamnatocin jihohi, kuma Kofin Tarayya da Kaduna United ta ci a 2010 bai dawo da abin da ya tafi ba.

Ana cikin wannan sai gari ya kama da wuta. Rikicin watannin Fabrairu da Mayu na 2000 ya ci aƙalla mutum 2,000 bisa ƙiyasin ƙungiyar Human Rights Watch, na Nuwamban 2002 ya ci kimanin 250, na bayan zaɓen 2011 ya ƙara zurfafa ramin. Kowane karo mutane sukan kwashe kaya su koma inda suke ganin nasu sun fi yawa. Musulmi da dama suka bar unguwannin kudu, Kiristoci da dama suka bar na arewa. Yaron da aka haifa a Narayi ko Romi bayan 2000 yana iya girma bai taɓa buga ƙwallo da ɗan Rigasa ko Unguwar Shanu ba, shi ma na can haka. Iyayensu kuwa wataƙila sun tsaya a bakin injin saƙa ɗaya shekara ashirin.

Sa'annan matsalar tsaro ta zo ta ƙara tsawon katangu. A watan Yulin 2021 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 120 daga makarantar Bethel Baptist da ke kan wannan titi na Kachia, a watan Agusta kuma suka kutsa NDA kanta a Afaka suka kashe hafsoshi biyu. Shugaban makarantar da ya ƙi buɗe ƙofarsa ga baƙi bayan wannan, ba wanda zai ga laifinsa.

Abin da ya rage

Idan aka tattara lissafi, makarantar soja ta riƙe abubuwa biyu da suka yi wuya a Kaduna ta yau. Na farko ƙasa. Filayen unguwa da na makarantun gwamnati da yawa an yanka su fuloti, an yi shaguna, an yi gidaje, makarantun kuɗi kuma galibi a gidan haya suke, ba su da inda yaro zai yi gudun mita hamsin. Filin da ke cikin katangar soja babu dillalin da ke da zuciyar kai masa igiyar awo. Na biyu cakuɗa. NMS tana ɗaukar yara daga kowace jiha, makarantun Command kuma suna cike da 'ya'yan mutanen da aiki ya kawo daga ko'ina. A can har yanzu ana iya samun Musa yana miƙa wa Moses ƙwallo don rigarsu launi ɗaya ce, abin da Kakuri ta saba gani kullum a shekarun 1980.

Gaskiya ne cewa waɗannan makarantu ba za su maye gurbin masaƙu ba. Ba aikinsu ba ne ƙera Yekini, kujerunsu kaɗan ne, sai an ci jarrabawa an kuma biya kuɗi, ɗan tsohon masaƙin da ya rasu yana jiran haƙƙinsa na sallama ba shi da hanyar shiga. Amma ilimin da suka tara na shekara 70, na yadda ake haɗa yara mabambanta a gida ɗaya a sa su kare tuta ɗaya, ba sirrin soja ba ne da za a kulle a ma'ajiyar makamai. Gasar makarantun sakandare da za ta riƙa kai ƙungiyar Kawo wasa Sabon Tasha, ta kai ta Barnawa Tudun Wada, tana bukatar abu uku: fili mai kyau, tsaron da iyaye za su amince da shi, da alƙalin da ba a yi masa gardama. Duka ukun suna hannun rundunar da hedikwatar runduna ta ɗaya take a wannan birni. A lokacin dogon hutu filayen nan ciyawa ce kawai ke amfana da su.

Wannan shawara ce da kwamandan makaranta shi kaɗai ba zai iya yankewa ba, sai an zauna tsakanin rundunar soja, ma'aikatar ilimi da hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha. Yaran da aka haifa a shekarar rikicin 2000 sun riga sun wuce shekarun makaranta, wasunsu sun fara kai nasu 'ya'yan firamare. Waɗannan ƙananan ne za su cika sakandare nan da shekara shida ko bakwai, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.